Faifan da duniya ta shekara 33 tana saurare da gudun da ba nasa ba

Ranar da na fara kunna wa ƙanwata "So What" a sifikar waya, ba a yi rabin minti ba ta ɗago kai ta ce, "Yaya, data ce ta ƙare, ko har yanzu ba su fara ba?" Alhali sun fara. Fiyano na magana ƙasa-ƙasa, bas na biye da shi, sai dai sifikar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ta haɗiye rabin abin. Na ciro iyafis na miƙa mata, na mayar da kiɗan farko. Wannan karon shiru ta yi.

Kiɗan shi ne na farko a faifan Kind of Blue na Miles Davis, mai busa ƙahon nan na Amurka. In ka tambayi masu sauraron jaz wane faifai za ka fara da shi, yawanci shi za su nuna maka. A 2019 hukumar da ke ƙidayar cinikin faifai a Amurka ta tabbatar ya kai kwafi miliyan 5 a ƙasar kaɗai, kuma ka tuna babu mai waƙa a ciki, ko kalma ɗaya ba a furta ba. Amma abin da ya ja ni na rubuta a kansa wani kuskure ne da ya zauna a cikinsa tun 1959, aka yi ta saye ana yabo, har sai 1992 aka gyara.

Zama biyu aka yi aka ɗauke shi, ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilu, 1959, a sutudiyon kamfanin Columbia da ke titi na 30 a New York, aka fitar da shi ranar 17 ga Agusta. Sutudiyon tsohon coci ne, rufinsa can sama, don haka sauti na samun wurin miƙe ƙafa kafin ya dawo. Miles na riƙe da ƙaho, John Coltrane da Cannonball Adderley na busa sakasofon, Bill Evans na kan fiyano, Paul Chambers na riƙe da bas, wato ƙatuwar gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarta da yatsu, Jimmy Cobb kuma na kan ganguna. A "Freddie Freeloader" kaɗai Wynton Kelly ya karɓi fiyanon daga hannun Evans. Injiniyan da ya ɗauki sautin shi ne Fred Plaut.

A lokacin a tef ake ɗauka, mai layi uku: hagu, tsakiya, dama. Na'ura biyu ake kunnawa a tare, ɗaya babba, ɗaya ta ko-ta-kwana. To a zaman farko, babbar tana juyawa a hankali fiye da ƙa'ida, ba wanda ya lura. Duk wanda ya taɓa riƙe rediyo mai kaset ya san yadda murya ke yin kauri tana jan ƙafa in batir ya yi sanyi. Nan akasin haka ya faru. An ɗauka da na'ura mai nawa, aka zo aka kunna a mai gudu daidai, sai kiɗan ya ƙara sauri, muryarsa ta ɗan haura sama. Irin abin da ake yi wa waƙoƙi da gangan a TikTok ke nan, sai dai nasu kaɗan ne ƙwarai, kuma ba wanda ya nema.

Kiɗa uku abin ya shafa, duk fuskar farko ta faifan sitiriyo: "So What", "Freddie Freeloader" da "Blue in Green". Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu koyo. Yaro zai zauna gaban fiyanon da aka saita tsaf, ya kunna faifai yana so ya bi Miles, sai ya ji muryar ta faɗa tsakanin maɓalli biyu, ba ta dace da wannan ba, ba ta dace da wancan ba. Sai a 1992, da ake shirin sake fitar da shi a CD, injiniyan kamfanin Mark Wilder ya gano inda matsalar take, aka dawo da gudun yadda aka buga shi a ɗaki.

Miles ya rasu a Satumban 1991. Coltrane ya riga shi tun 1967, Chambers 1969, Kelly 1971, Adderley 1975, Evans 1980. Cikin su bakwai, Jimmy Cobb kaɗai ya ga ranar da aka fitar da gyaran. Shi ma ya rasu a 2020 yana da shekara 91.

Wani zai ce, to sai me? In duniya ta shekara 33 tana jin daɗin abu, ai ba wata ɓarna aka yi ba. Akwai gaskiya a nan, kuma har yau akwai masu cewa sun fi son tsohon gudun domin da shi kunnensu ya girma. Ni dai na saurari duka biyun, kuma ina tare da gyaran. Bambancin ba zai fizge ka nan take ba. Amma a wanda aka gyara, bas ɗin Chambers ya fi zama da gindinsa, ƙahon Miles ya rage tsini, kuma tafiyar "So What" ta koma ta mutumin da ba ya sauri don ya san inda za shi. Faifan nan gaba ɗaya a kan natsuwa aka gina shi, ɗan hanzarin da na'ura ta cusa masa ya taɓa ainihin abin da aka zo yi.

Bari in yi bayanin natsuwar, don a nan kiɗan yake. Jaz ɗin da aka saba kafin lokacin, musamman wanda ake kira bibop, tsere ne: ginshiƙin kiɗan na sauyawa kusan kowane taku biyu, mai busa na bin sa a guje kar a bar shi a baya. Miles ya gaji da wannan. Ya zo wa abokansa da 'yan zane-zane a takarda, ba wani dogon atisaye, ya ce a tsaya a kan tsanin murya guda na tsawon lokaci, kowa ya nemo abin faɗa a cikinsa. A "So What" tsani biyu ne kacal: a zauna kan na farko gaɓa 16, a ɗaga kaɗan zuwa na biyu gaɓa 8, a dawo gida gaɓa 8. Shi ke nan. Kunnen da ya saba da kuntigin Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya tana juya abu guda ana ɗora magana a kai, ba zai ji wannan tsarin baƙo ba. Hatta buɗewar kiɗan kira da amshi ce: bas ya yi tambaya, fiyano ya amsa da murya biyu, daga baya masu busa su shigo su zama 'yan amshi. Miles da kansa ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa na 1989 cewa wasan ƙungiyar Les Ballets Africains ta ƙasar Gini ya tsaya masa a rai, musamman ɗan akwatin nan mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da yatsu, kuma a ganinsa bai cimma sautin da ya so ba. Duniya na yi masa tafi, shi yana ganin ya yi kuskuren hari.

Yanzu ga abin da kyakkyawan kwafi zai ba ka wanda sifikar waya ba za ta iya ba. Sa iyafis biyun, kar ka ba abokinka ɗaya, don kowane kunne da mutanensa. Fiyano da Coltrane na hagu, ganguna da Adderley na dama, Miles da bas na tsakiyar kanka. Wajen minti ɗaya da rabi da fara "So What", Cobb zai doki farantin ƙarfe sau ɗaya daidai lokacin da Miles ke shigowa. Kar ka kula da dukan, bi wutsiyarsa. A kwafi mai kyau za ka ji ƙarar tana shuɗewa a hankali cikin faɗin ɗakin har ta narke. A wanda aka matse, aka yi ta turawa daga wannan waya zuwa waccan, sai ka ji "tsss" ta yanke kamar an yayyafa ruwa a kasko. Haka a "Blue in Green", inda Adderley ya zauna bai busa ba, Miles ya toshe bakin ƙahonsa da murfin ƙarfe ya matso kusa da makirfo, Cobb na shafa fatar ganga da buroshin waya maimakon sanda. A ƙaramar sifika shafar nan kamar shuuu ɗin rediyo take. A kunne kuwa za ka ji hannu ne ke zagayawa, yana da lokacinsa.

Wannan ya kawo mu kan kalmar nan da kuke gani a gaban sunayen tsofaffin waƙoƙi a Spotify da YouTube, "Remastered". Ma'anarta an koma kan tef an sake fito da sautin. Ba ta nufin an inganta. CD ɗin Kind of Blue da aka yi ta sayarwa a shekarun 1980 yana ɗauke da irin wannan tambarin, ga gudun bai daidaita ba, ga masu saurare na kukan sautin ya bushe. Wanda ya zama ma'auni shi ne na 1997, da aka kunna tef ɗin a tsohuwar na'ura irin ta zamaninsa, aka kuma ƙara ɗauka ta biyu ta "Flamenco Sketches", kiɗa ɗaya tilo da suka buga cikakke har sau biyu. Abin da na fi yaba wa masu wannan aikin shi ne abin da suka ƙi yi. Sun bar ɗan hucin tef ɗin. Da sun bi shi da na'ura sun goge tas, da numfashin masu busa da amon ɗakin sun tafi tare da shi. Ba su kuma tura ƙarar sama don ta yi gogayya da waƙoƙin yau ba, inda ake danne komai ya zama tsawo ɗaya. Shi ya sa in ka fito daga wata sabuwar waƙa ka faɗa wannan za ka ji kamar ya yi ƙasa. Ƙara murya kawai. An bar wurin ne don in Coltrane ya taso ka ji ya taso.

Daga nan kuma sai kasuwa ta shigo, kuma a nan nake cewa a yi hattara. An sake buga faifan nan sau da yawa har lissafi ya ɓace wa masu tarawa. A 2013 an fitar da na mono, mai sauti ta kafa ɗaya, wanda dole aka sake haɗa shi daga tef mai layi uku don asalin tef ɗin mono ya ɓata. A 2021 kamfanin Analogue Productions ya buga kwafi 25,000 a faifan garmaho na musamman, kowane a kan kusan dala 100. Akwai mutanen da ke da kwafi biyar, shida na abu ɗaya, suna musu a intanet kan wanne ya fi "ɗumi".

Sai ga abin da ya faru a 2022. Kamfanin Mobile Fidelity, wanda masu wannan harka ke ɗauka kamar alƙibla, shi ma ya taɓa buga Kind of Blue, an daɗe ana sayen faifansa da tsada bisa fahimtar cewa daga tef kai tsaye ake yanka su, kwamfuta ba ta taɓa ba. Wani mai shagon faifai a birnin Phoenix ya yi bidiyo a YouTube ya ce ba haka ba ne. Aka bincika, injiniyoyin kamfanin suka amsa cewa sun shekara da shekaru suna fara kwafe tef ɗin zuwa dijital kafin su yanka. Kamfanin ya ba da haƙuri, aka je kotu, aka sasanta kan biyan masu saye. Abin dariyar shi ne, da yawa cikin masu rantsuwa cewa kunnensu na gane dijital daga nesa sun yi shekaru suna yabon faifan nan ba su ji komai ba. Faifan kuma ba su fasa daɗi ba bayan tonon asirin, don kwafin da aka yi mai inganci ne. Laifin kamfanin ɓoyewar ce. Amma ya nuna cewa wani kaso na abin da ake biya da sunan ingancin sauti, labarin da ke jikin kwali ake saye.

Don haka kar wani ya sa ka ji cewa sai kana da kayan miliyoyi za ka shiga wannan ɗakin. Wanda ke shafin Miles Davis na hukuma a manhajojin sauraro gyararren ne, za ka ga "So What" na nuna minti 9 da daƙiƙa 22. In data ta samu, shiga saitin manhajar ka ɗaga inganci zuwa sama, ka sauke shi sau ɗaya ka huta. Guji wanda wani ya ɗora da hoton ruwan sama ya rubuta kiɗan barci, ba ka san hannu nawa ya bi ba. Faifan duka minti 45 ne da ɗoriya. Ka nemi lokacin da janareton maƙwabta ya yi shiru, don rabin abin da ke cikinsa a ƙasa-ƙasa ake faɗarsa.

Sutudiyon kansa babu shi yanzu. An rushe shi a farkon shekarun 1980, aka gina gidajen kwana a wurin. Amon da kake ji a bayan ƙahon Miles na ɗakin da ba wanda zai sake shiga ne, a tef ɗin nan kaɗai ya rage, kuma tef abu ne da ke tsufa duk lokacin da aka murza shi.

Ƙanwata dai ta kai har "All Blues" a daren. Da ta cire iyafis ɗin sai ta ce, "Yaya, mai gangar nan kamar yana sharar tsakar gida da asuba." Na ce mata buroshi ne. Ta ce ita dai tsintsiya ta ji, ta mayar da shi kunne ta koma farko.