Shinkafa Sau Biyu Ake Girbe Ta, Injin Casa Kuwa Kullum Yana Aiki

'Yan uwa ɗalibai, duk mun saba ganin tireloli maƙare da buhunan shinkafa a hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi. Kafin kowace tirela ta tashi, akwai wanda ya zauna da biro da takarda ya yi lissafi. Wannan lissafi darasi ne guda a manyan makarantu, ana kiransa tsara samar da kaya, kuma yana cikin fannin jigila da rarraba kayayyaki. Tambayoyinsa ba su da yawa: me za a sarrafa, nawa, yaushe, kuma daga ina kayan aikin za su zo?

Mu ɗauki kamfanin WACOT na Argungu, wanda Farfesa Yemi Osinbajo ya buɗe a watan Agustan 2017 yana muƙaddashin shugaban ƙasa. A lokacin an ce zai iya cashe tan 120,000 na shanshera a shekara. A ce inji yana aiki kwana 300, sauran kwanakin na gyara da hutu. Ke nan yana buƙatar tan 400 kullum. Idan tirela na ɗaukar tan 30, sai an sauke wajen tirela 14 kowace rana. Lissafin ƙaramar sakandare ne, amma a kansa albashin ma'aikata ya rataya.

Ga inda gizo ke saƙar. Fadamar Rima ba kullum take ba da shinkafa ba. Akwai girbin damina da kaka, sai na noman rani gab da faɗuwar ruwa. Dole mai tsari ya sayi ta watanni cikin 'yan makonni, ya kuma adana ta. In ya saya kaɗan, inji ya tsaya alhali ana biyan ma'aikata. In ya cika saye, kuɗi sun kwanta a sito, ga ƙwari, ga ɓera. Shanshera ma ba a ajiye ta da lema. Sai an busar da ita danshinta ya sauko wajen kashi 14 cikin 100, in ba haka ba ta yi fumfuna. Sannan buhu uku na shanshera ba ya wuce kimanin buhu biyu na tsaba, sauran ƙaiƙayi ne da dusa.

Ambaliyar 2020, da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan, ta nuna dalilin da ake koya wa ɗaliban wannan fanni su riƙa ajiye kayan ko-ta-kwana, kuma kada su dogara da manoman yanki ɗaya.

Bayan casa sai tafiya. Shinkafar Lake Rice, ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas, ta shiga kasuwa a Disambar 2016, daidai lokacin da mutanen Legas ke sayayyar Kirsimeti. Don ta isa a kan kari, sai an ƙirga kwanakin hanya ta Jega da Yawuri da Kontagora da Jebba, a koma baya a tsayar da ranar fara casa.

A ganinmu malamanmu na Lissafi da Tattalin Arziki da Aikin Gona ba sa buƙatar misalin wata ƙasa. Ga Labana a Birnin Kebbi, ga WACOT a Argungu. Muna roƙon hukumar makaranta ta nema mana izinin ziyarar ɗaya daga ciki a zango mai zuwa.