Yadda A Ke Canja Shakazoba Ta Bayan A-kori-kura

Duk wanda ya taɓa hawa bayan a-kori-kura daga Kazaure zuwa ƙauyukan Roni ko na Gwiwa ya san abin da a ke kira gargada. Muddin mota tana bisa kwaltan nan da ya taso daga Kano ya nufi Daura, ba ka jin kome. Amma da ta ratse ta kama burji, sai ka ga motoci biyu iri ɗaya, kayansu ɗaya, wannan tana tafiya lafiya lau, waccan kuwa bayanta yana ta tsalle kamar ɗan akuya. Fasinja su ce laifin direba ne, direba ya ce laifin hanya ne. Sau da yawa kuwa laifin wani ƙarfe ne da tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da 'yan kai ba, wanda makanikai su ke kira shakazoba. A kanta na ke so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu ɗan bayani.

Aikinta

Mutane da yawa suna tsammani shakazoba ita ke ɗauke da nauyin mota. Ba haka ba ne. A-kori-kura irin Peugeot 504, wadda a da a ke haɗawa a ma'aikatar Kaduna da aka buɗe cikin 1975, da Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan cikin 1968, duk bayansu yana zaune ne bisa sifirin, watau falle-fallen ƙarfe da aka jera, wani bisa wani. Shi ke ɗaukar kaya. Amma sifirin yana da hali guda: in ya lanƙwashe sai ya miƙe da ƙarfi, ya sake lanƙwashewa, ya yi ta yi. Shakazoba ita ke tsai da shi. In sifirin doki ne, to, ita ce linzami.

Cikinta kuwa ba wani abin mamaki ba ne. Bututu ne cike da mai, da fistin mai 'yan ƙananan ƙofofi, da sanda mai tura shi. In ƙafar mota ta motsa, dole man nan ya matsa ya bi ta ƙofofin. Ka tuna yadda ka kan ji in ka shiga rafi ruwa iya ƙugu: in ka taka a hankali ka wuce, in ka ce za ka yi gudu ruwan ya riƙe ka. Haka mai ya ke yi wa fistin. Ƙarfin tsallen nan sai ya koma zafi, iska ta kwashe. Waɗansu a kan ɗura musu iskar gas domin kada man ya yi kumfa.

Abin lura shi ne, amfaninta ya wuce jin daɗin zama. Ita ke sa taya ta lizimci ƙasa. Tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta kuwa riƙe mota a kwana. Ranar da saniya ta gitta gaban direba a gangara, ran nan ne ya kan san darajarta.

Alamun mutuwarta

Na fari, ka leƙa ka ga mai ya zubo ya jiƙa jikinta, ƙura ta manne. Na biyu, ka riƙa jin ƙwanƙwasa daga baya, alamar robar da ke kunnuwanta ta cinye. Na uku, taya ta riƙa cinyewa wuri-wuri, nan rami, can tudu. Na huɗu, bayan an yi tafiya cikin gargada ka taɓa ta a hankali: mai rai za ka ji ta da ɗumi, matacciya kuwa sanyi ƙalau. A kan kuma danna kusurwar mota a saki. In ta yi lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, akwai magana. Amma in ka ga bayan mota ya zauna, ya ƙi tashi ko ba kaya, wannan ciwon sifirin ne, sabuwar shakazoba ba za ta warkad da shi ba.

Shiri

Biyu a ke saye, ta dama da ta hagu. In ka sa sabuwa gefe guda ka bar tsohuwa a ɗayan, ka zama mai tafiya da takalmi ƙafa ɗaya. Ko a Kazaure za ka saya, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ka faɗi irin motarka da shekararta. In 'yar kwatano ce, ja ta ka tura da hannu: in ta tafi salalam ba gardama, ko ta yi tsalle a tsakiya, bar ta. Tun daren jiya ka goge notocin ka ɗiga musu mai, don tsatsa ta saki.

Sa'an nan ka nemi wuri mai tauri wanda ba gangara. A ƙasa mai rairayi, kamar ta wajen Babura, sai ka shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin jak, don kada ya nutse. Ka sa weji gaba da bayan tayoyin gaba, gama birkin hannu ƙafafun baya kaɗai ya ke kamawa, in an ɗaga su ba shi da sauran amfani. Yawancin a-kori-kura suna da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashi ba sai an ɗaga ba, wannan kuwa ya fi. In ɗagawa ta zama tilas, ka tokare shasi da ƙafafun ƙarfe ko gungume mai ƙwari, jak kuma ya tallafi aksul, watau ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya. Bulon siminti ya kan fashe ba sallama. Kada ka kuskura ka sa kanka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Aikin kansa

Kwance notin ƙasa tukuna, sa'an nan na sama, ka zare tsohuwar. Ka lura da yadda robobi da wasa-wasan ƙarfe su ke jere, don haka za ka mai da su. Ka gwada tsohuwa da sabuwa gefe da gefe, a miƙe da kuma a tsuke. Wadda ta gaza tsawo za ta tsinke ran da ƙafa ta faɗa rami, wadda ta yi yawa kuwa za ta daku ran da aka yi lodi.

In mai zalla ce, tsai da ita kanta sama, ka ja ka tura kamar sau 4 ko 5, har iskar da ke ciki ta koma wurinta. In mai gas ce, za ka same ta ɗaure. Kada ka yanke ɗaurin sai ka maƙala kunnen sama, sa'an nan ka bar ta ta miƙe da kanta zuwa mazauninta na ƙasa. Kada ka kama sandan nan mai ƙyalli da filaya, gama ƙarzuwa kaɗan ta isa ta yaga robar da ke tare mai.

To, ga inda masu gaggawa su kan yi ɓarna. Ka ɗaura notoci sama-sama kawai. Sauke mota ta tsaya bisa ƙafafunta, ka girgiza ta, sa'an nan ka ɗaure su tamau da sifana. Dalili kuwa, in ka ɗaure tun ƙafa tana reto, da an sauke sai robar ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana, ba da jimawa ba ta tsage. Bayan kwana biyu ko uku ka sake bin notocin. Tsohuwar kuma kada a jefa ta wuta, tana iya fashewa.

Saura magana ɗaya. Irin motocin nan an yi su ne don kaya kamar tan 1, watau buhu 10 na gero mai kilo 100. In kaka ta yi, aka ɗora ninkin haka, mutane kuma suka hau bisa, ba shakazobar da za ta daɗe, kome kyaunta. Saboda haka in ka je hutu ka ga motar garinku tana tsalle, ka faɗa wa mai ita cikin ladabi. Hausawa sun ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya kai mu gida lafiya, amin.