Kulle da Katsewa a Kwamfutar Kwaikwayo: Matsaloli Biyu da Maganinsu

1. Gabatarwa

Tun ƙarshen shekarun 1960, da kamfanin IBM ya samar da CP-67, ake raba kwamfuta ɗaya ta yi aiki tamkar kwamfutoci da dama. Manhajar da ke yin rabon za mu kira ta mai masauki, waɗanda ke aiki bisa kanta kuwa baƙi. Misalansu su ne Xen, daga Jami'ar Kambirij a 2003, da KVM, wadda ta shiga Linux 2.6.20 a 2007. Wannan maƙala za ta dubi wurare biyu inda kulle ke iya tsayar da aiki.

2. Kulle

Idan masarrafai biyu suka taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, bayanin na iya lalacewa. Dijkstra ya tsara maganin wannan a 1965, wato a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. A cibiyar Linux akwai kullen da mai jiransa ba ya barci, sai dai ya yi ta dubawa har a sake shi. Amfaninsa ya dogara ga sharaɗi guda: mai riƙo ba zai daɗe ba.

3. Katsewa

A ɗauka masarrafi na riƙe da kulle, sai katin sadarwa ya katse shi. Idan aikin katsewar na buƙatar wannan kullen, zai tsaya jira, alhali mai riƙon ba zai ci gaba ba sai katsewar ta ƙare. An yi cirko-cirko ke nan, abin da ake kira interblocage da Faransanci. Saboda haka spin_lock_irqsave ke rufe katsewa a wannan masarrafin kafin ɗaukar kulle, spin_unlock_irqrestore kuma ya mai da ita yadda aka tarar, domin mai yiwuwa dama a rufe take. Tun 2006, lockdep na Ingo Molnar ke gano irin wannan kuskure tun bai auku ba.

4. Baƙo da mai masauki

Masarrafin baƙo aro ne. Ko da baƙo ya rufe katsewa, mai masauki na da ikon karɓe shi yana tsakiyar riƙe da kulle. Sauran masarrafan baƙon sai su yi ta jiran wanda ba ya aiki, lokaci na tafiya a banza. An bi hanya biyu. Ta farko, masarrafan Intel da AMD kan lura da jiran da ya yi tsawo, su miƙa iko ga mai masauki. Ta biyu, a Linux 4.2 na 2015, mai jira kan duba na ɗan lokaci, sannan ya kwanta, har a tashe shi idan layi ya zo kansa.

5. Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, ɗalibi ya yi wa kowane kulle tambaya biyu: shin katsewa na iya neman sa? Kuma wa ke da ikon tsayar da mai riƙe da shi?