Asibiti Ba Dandalin Zance Ba Ne

Duk wanda ya daɗe yana aikin asibiti, likita ne ko nas ko mai ɗibar jini a ɗakin gwaji, ya san akwai ranar da za a turo ƙofa, a shigo da fuskar da za ta sa ya diririce. Biro ya suɓuce, a sake tambayar sunan da ke rubuce a kati, a ɗaura abin awon jini a baibai. Ma'aikata kan ba juna irin wannan labari lokacin hutu su sha dariya, kuma babu laifi a nan. Farar riga ba ta cire wa mutum ido, ba ta kuma cire masa zuciya. Magana tana kan abin da ke biyo bayan diriricewar, domin a nan ake cutar mutane, kuma da yawa cikinsu ba su ma san an taka musu haƙƙi ba.

Wanda ya zo asibiti ba daidai yake da wanda ya tarar ba. Ya zo da ciwo da fargaba. Zai faɗi abin da bai taɓa faɗa wa mahaifiyarsa ba, ya buɗe jikin da ba ya buɗe wa kowa. Shi kuwa ma'aikaci yana riƙe da katinsa, ya san unguwarsa da lambar wayarsa da sakamakon gwajinsa, yana kuma iya sa a duba shi da wuri ko ya wuni a kan benci. Ɗauki budurwar da mahaifinta ke kwance ana nema masa jini. Idan mai kula da ɗakin ya matso ya ce, "Ƙanwata, ba ni lambarki mana, zan riƙa sanar da ke halin da Baba ke ciki," da wane baki za ta ce a'a? Za ta bayar, ba don ta so ba, sai don tsoron kada ƙin bayarwar ya shafi tsohon. Shi kuma ya tafi yana ganin ya samu karɓuwa. Wannan "to" ɗin nata ba amincewa ba ce, kuma duk ma'aikacin kirki ya san haka.

Ƙa'idar ba sabuwa ba ce. Rantsuwar likitoci da ake dangantawa da Hippocrates na ƙasar Girka, wadda ta haura shekara 2,000, ta hana likita neman mace ko namiji a gidan da ya shiga don yin magani. A Najeriya, kundin ɗa'ar aiki na Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori, wato MDCN, ya sanya mu'amalar banza da majinyaci cikin laifuffukan da ke zubar da mutuncin aiki. Hukumar na da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, wadda ke da ikon yi wa likita gargaɗi, ko ta dakatar da shi, ko ta soke sunansa daga rajista gaba ɗaya. Nas-nas da ungozomomi su ma suna da tasu hukumar da ke ba su lasisi, mai kuma iya ƙwace shi. Mu da muka tashi muna jin malamai na hana keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Lalura ce ta halatta wa likita ya ga abin da ya gani, kuma inda lalurar ta tsaya, nan izininsa ya tsaya.

Abin da ya fi yawaita a yanzu ba a ɗakin duba marasa lafiya yake faruwa ba, a waya yake faruwa. Mace ta je asibiti da safe, da daddare sai ga saƙo a WhatsApp daga lambar da ba ta sani ba: "Salam, ya jikin? Ni ne wanda ya yanka miki kati ɗazu." Wasu ma daɗi suke ji, wai an damu da su. To a sani, lambar nan daga fayil aka ɗauke ta, kuma ba don hira aka karɓe ta ba. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi mai zuwa asibiti sirri ne, har da ciwonsa da maganinsa da zamansa a asibitin. Takardar haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ita ma ta jaddada wannan. Gaskiya ne asibiti kan kira mutum don ya zo karɓar sakamako ko a tuna masa ranar dawowa, amma irin wannan kira a san shi ba wuya: mai kiran zai faɗi sunan asibitin, ya faɗi dalili, ya kashe waya. Ba zai tambaye ki ko kin ci abinci ba. Wanda ya iya zaro lambarki daga fayil don son ransa, ai ya karanta sauran abin da ke cikin fayil ɗin, kuma ranar da kuka ɓata ba ki san inda zai kai shi ba.

Sai batun duba jiki. Duk lokacin da za a duba mama ko al'aura ko dubura, majinyaci yana da damar ya nemi a kira wani ma'aikaci ya tsaya a wurin, mace ta nemi nas mace. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan, shi ma kariya ce gare shi daga ƙazafi, galibi ma shi zai fara kiran nas ɗin. Ya kamata ya yi bayanin abin da zai duba da dalilin dubawar kafin ya taɓa, ya sa safar hannu, ya ja labule, ya juya baya ko ya fita yayin da ake tuɓewa, ya kuma bar sauran jiki a rufe. Idan aka ce "dakata", ya dakata. Kunyarmu ce ke cutar mu a nan. Matanmu kan ga abu ba daidai ba su yi shiru, wai kada a ce sun raina likita, su fito suna ta saƙe-saƙe ko dai haka aikin yake. Tambaya ba raini ba ce. "Likita, me ya sa za a duba nan?" ta isa.

Kuma tsayawar mutum na uku ba ta da amfani idan hankalinsa na kan waya. A Amurka, Larry Nassar, likitan ƙungiyar 'yan wasan motsa jiki ta ƙasar, ya shafe shekaru yana lalata da 'yan mata da sunan magani, wani lokaci iyayensu na zaune cikin ɗakin, ya kare musu gani da jikinsa. A watan Janairun 2018 wata kotu a jihar Michigan ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata fiye da 150 sun yi bayani a gabanta. Abin da ya ba shi dama shi ne kowa na ganin babban likita ba zai yi haka ba.

Kada kuma a ɗauka ma'aikata ne kaɗai masu laifi. A tambayi nas-nas masu aikin dare abin da suke gani daga majinyata maza da masu jinya. Wani yana kwance da ƙarin ruwa a hannu amma bakinsa bai kwanta ba: "Sista, kina da aure kuwa?" Wani ya riƙe mata hannu lokacin allura, wani ya bi ta har bakin ƙofa bayan ta tashi aiki. Ita kuwa dole gobe ta dawo ta wanke masa ciwo. Malam, murmushin da ta yi maka aikinta ne, irinsa ta yi wa tsohon da ke gadon kusa da kai. Masana halayyar ɗan Adam tun zamanin Sigmund Freud sun lura cewa mara lafiya kan ɗauki kulawar mai yi masa magani a matsayin so. Sashe na 21 na waccan doka ta 2014 ya ba ma'aikacin lafiya damar ƙin duba wanda ya zage shi ko ya dake shi ko ya yi masa maganar batsa, in ban da masu taɓin hankali, sannan ya kai rahoto.

Wani zai ce, to idan da aure ake nufi fa? Ana yi, kuma akwai gidajen da asalinsu haɗuwar asibiti ce. A ganina ma'aikaci mai nufin aure ba ya gaggawar da za ta sa ya yi zance a bakin gadon mara lafiya. Ya bari a sallami majinyaciyar, jinya ta fita daga hannunsa gaba ɗaya, sannan ya bi ta hanyar magabata kamar kowa, ba da lambar da ya sato daga fayil ba. Wanda kuwa yake duba masu ciwon ƙwaƙwalwa ko damuwa, ya cire ransa kawai, domin sirrin da ya sani ya yi yawa.

Idan abu ya faru, a rubuta rana da lokaci da sunan ma'aikacin, kada a goge saƙonnin waya. A fara da shugabar nas ta ɗakin ko shugaban asibitin. Asibitocin gwamnatin tarayya suna da ofishin SERVICOM na karɓar ƙorafi. Idan likita ne, ana iya kai ƙara a rubuce ga MDCN, idan kuma abin ya kai ga taɓa jiki da ƙarfi ko fyaɗe, maganar 'yan sanda ce, ba ta sasanci a ofis ba. Iyaye da mazaje kuma, idan 'yarku ko matarku ta dawo ta ce an yi mata abin da bai kwanta mata ba, ku saurare ta, ku raka ta ta kai ƙorafin.