Abokin Gāba na Kwamfuta a Wasannin Yaƙi na Tarihi

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya gindin inuwa a Ƙauyen Alu ko Gyadi-Gyadi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, ya kalli masu dara, ya san daɗin wasan yana ga abokin karawa. Gurabu talatin ne, 'ya'ya goma sha biyu-biyu, ba wanda ya fi wani kayan aiki, sai dai a fi juna dabara. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wasannin yaƙi na kwamfuta da wannan ma'auni, wato a duba ko abokin gāban da aka gina cikinsu dabara yake yi, ko kuwa fifiko aka ba shi.

Ire-iren Wasannin

Wasanni uku ne suka yi fice. Na farko shi ne Civilization, wanda Sid Meier ya fitar a Amurka cikin 1991. Bi da bi ake yin sa kamar dara, mutum ya taka, kwamfuta ta taka. Na biyu shi ne Age of Empires na 1997, wanda ba a jiran juna a cikinsa, kowa na noma yana gini yana kai hari a lokaci guda. Na uku shi ne Total War, wanda ya fara fitowa a Ingila cikin 2000. Shi ya haɗa biyun: mulkin ƙasa bi da bi, fagen daga kuwa kai tsaye.

Halin Abokin Gāba

A Civilization, idan mai wasa ya zaɓi mataki mai wuya, kwamfuta ba ta ƙara wayo. Abin da ake yi shi ne a ba ta ƙarin dakaru tun farko, a sa garuruwanta su riƙa samar da kaya da sauri. A Total War ma haka abin yake, domin ana ƙara wa sojojinta ƙarfin zuciya da na sara, ta yadda ba sa saurin gudu daga fage. Age of Empires ya ɗan bambanta, saboda a nan kwamfuta tana da wata baiwa ta asali: tana iya kula da manoma da mahaya da magina duk a ƙiftawar ido, abin da hannu biyu ba za su iya ba. Amma tafarki ɗaya take bi, wanda aka rubuta mata. Da zarar mai wasa ya gane shi, sai ya ɗana mata tarko iri ɗaya kullum, dara ta ci gida.

Dalilin wannan rauni a fili yake. Na'urar Deep Blue ta kayar da Garry Kasparov a wasan ces cikin 1997 domin allon a buɗe yake, matakan kuma suna lissafuwa. Wasan yaƙi kuwa yana da ɓoyayyen fili, da ƙawance, da cin amana. Ga shi kuma masu sayar da wasa ba sa son abokin gāba wanda ba a iya kayarwa, sun fi son wanda zai wahalar da mutum sannan ya faɗi.

Sarauniya Amina a Allo

Abin ya shafi Bahaushe kai tsaye. Cikin 2021 aka ƙara Hausawa a Age of Empires III, aka sa Kano ta zama cibiyarsu, Sarauniya Amina kuma ita ce muryar kwamfuta idan an kara da su. Daga cikin dakarun akwai barade masu lifidi da maharban Fulani. Lifidin yana da tushe, domin Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji ne ya shigo da shi tare da sulke da kwalkwali. Amma ɗora Amina ta Zazzau a kan Kano haɗa tarihi biyu ne wuri guda. Haka nan Civilization VII na 2025 ya sa ta cikin shugabanninsa, ya ƙara wa mayaƙanta ƙarfi a fili da hamada. Ga shi abin da Hausawa suka fi tunawa da ita shi ne ganuwa, wato hikimar kafa sansani da kare shi.

Kammalawa

Ke nan mai wasa a wata ƙasa yana iya fara sanin Amina ta hanyar yadda kwamfuta ta yaƙe shi da sunanta. Idan ƙarin dukiya da ƙarfi kawai aka ba ta, to, abin da zai ɗauka ke nan game da yaƙin Hausawa. Ya rage ga ɗaliban Hausa da malamansu su nazarci waɗannan wasanni kamar yadda suke nazarin littafi ko wasan kwaikwayo, su rarrabe abin da tarihi ya faɗa da abin da masu tsara wasa suka ƙara.