Daga Funtuwa Zuwa Lugbe: Yadda Waya Ta Kusa Zama Kishiya A Gidan Wata Amarya

Wata takwas ke nan da aka kai wata ƙanwata, 'yar kawuna, ɗakinta a Lugbe, kan hanyar filin jirgin saman Abuja. A Funtuwa ta tashi, a gidan da ba ka rasa mutum goma a tsakar gida. Yanzu ciki da falo ne, maƙwabta kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Mijin a Wuse yake aiki, yana fita kafin ƙarfe bakwai saboda cunkoso, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Abin da ya rage mata na hira tsawon yini shi ne wayarta.

Darasin farko mita ce ta koya mata. A satinta na biyu wuta ta ɗauke da rana, ta zauna tana jiran NEPA ta dawo da ita har la'asar, alhali fankar maƙwabta na ta juyawa. Ashe kuɗin mitar ne ya ƙare, ƙarar da take ji tun safe kuwa gargaɗi ne. Ta waya mijin ya saya ya turo mata lambobi 20, ta danna, wuta ta dawo. Yau ita ke saye da kanta, har ta san dutsen guga da hita su ne ke cinye kuɗin. Ba abin raini ba ne: a Afrilun 2024 hukumar NERC ta mayar da farashin masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan rage daga baya. Duk mai neman haya a birni ya tambayi rukunin layin unguwar kafin ya biya.

Sai batun hanya. Kwatance irin na gida, wato "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi", ba ya aiki a rukunin gidajen da duk fentinsu ɗaya. Ta koyi tura alamar wurin da take ta WhatsApp ga mai kawo saƙo. Saboda labarin 'yan wan-cans da ke ɗaukar fasinja su yi musu fashi a Abuja, sun yi yarjejeniya: duk wanda ya shiga mota shi kaɗai zai kunna wa ɗayan bibiyar wuri kai tsaye. WhatsApp na ba da zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8. Awa ɗaya ta ishe ta zuwa kasuwar Wuse.

Data kuwa ta kusa haɗa su faɗa. Kiran bidiyo da Umma safe da yamma, TikTok a tsakani, ga shi tun Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100. Da suka duba saitin wayar, sai suka ga bidiyoyin zaurukan 'yan uwa da na 'yan makarantarsu suna sauka da kansu ko ba ta buɗe ba. Kashe wannan kaɗai ya sa datar wata ta fara kaiwa ƙarshen wata.

Amma abin da ya sa na rubuta wannan shi ne ranar zagayowar haihuwarta.

A gidansu ba a taɓa yin bikin ba. Ranar takan wuce sai dai wata ƙawa ta turo saƙo. A Abuja kuwa, kullum ta buɗe Instagram sai ta ga an yi wa wata matar ba-zata da balan-balan da kek mai hawa biyu. Ba ta ce komai ba, amma mijin ya lura da irin bidiyoyin da take tsayawa a kai, sai ya ƙudurta zai burge ta.

Nan matsala ta fara. Mutumin da ke ajiye waya ko'ina sai ga shi yana kifa ta a kan tebur, ya canza lambar buɗewa, yana fita waje amsa kira. Wata rana saƙo ya haska a fuskar wayar, da sunan mace, an rubuta cewa ya tura sauran kuɗin. Kwana uku tana dafa abinci ba ta ci. Ta kira ni tana kuka: "Yaya, wallahi aure zai ƙara, ko shekara ba mu yi ba." Ni na san komai, don ni ya tambaya kalar da take so, amma na yi alƙawarin yin shiru. Har yau ina ganin ban kyauta ba.

Abin haushin, mai kek ɗin ma ta bogi ce. A Instagram ya same ta, hotuna masu kyau, mabiya da yawa. Ya tura kafin alƙalami naira 25,000, ana saura kwana ɗaya ta toshe shi. Da muka zauna daga baya, alamun duk suna nan. Sunan asusun bankin daban da na shagon. An rufe sashen sharhi a duk hotunan. Kuma da ya taɓa ɗigo ukun da ke saman shafin ya shiga bayanin asusun, da ya ga lokacin da aka buɗe shi da sau nawa aka canza masa suna. Kiran bidiyo na minti ɗaya, a ce ta nuna kicin ɗinta, da ya raba gardama. Ya kai ƙorafi banki, har yanzu shiru.

A daren da abin ya fashe, dole ya miƙa mata wayar ta karanta hirar tun daga farko. Ta ce ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Washegari a wani shago da ke unguwar ya sayi ƙaramin kek, da tsire da lemo, su biyu kawai.

Sai ta ɗora hoton a sitatus. Cikin minti goma surukarta ta kira ɗanta: "Wannan kuma wace sabuwar al'ada ce kuka tsinta a Abuja?" Batun bikin haihuwa dama akwai saɓani a kansa, malamai da dama na ganin koyi ne da baƙin al'adu, wasu na sassautawa in babu saɓo a ciki, kuma ba shafin fasaha ne zai yanke wannan ba. Abin da na sani shi ne WhatsApp na bari ka zaɓi masu ganin sitatus ɗinka, ko ka cire wasu, ko ka ware 'yan kaɗan. Ba ta taɓa buɗe wurin ba.

Ni abin da ya fi tayar min da hankali a hoton daban ne. Cikakken sunanta da shekarunta suna rubuce a kan kek ɗin, ga kuma ranar. Ke nan duk wanda ya gani ya samu cikakkiyar ranar haihuwarta, ɗaya daga cikin bayanan da ake tambaya wajen tabbatar da mai asusu, kuma irin abin da 'yan damfara ke karanto maka a waya don ka yarda daga banki suke. Na tambaye ta lambar sirrin katinta ba shekarar haihuwarta ba ce? Ta yi shiru. A ranar ta canza ta, ta ɓoye ranar haihuwar a Facebook, ta kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da lambobi shida da ba su da alaƙa da ita.

Yanzu kowa ya san lambar buɗe wayar ɗan uwansa, shawarar da suka yanke da kansu. Nasa bikin saura wata biyu, tana ta tara kuɗin agogo a wani asusu na daban a manhajar bankinta. Ta manta cewa imel ɗinsa ta saka lokacin buɗe asusun, don haka duk naira dubu biyun da ta ajiye sai saƙo ya shiga wayarsa. Ya roƙe ni kada in faɗa mata. Wannan karon na ce masa ba ruwana.