Kwanson harsashi: abin da mai tsintar ƙarafa a Wadi Bawanis ya kamata ya sani

Duk wanda ya yi aikin gona a Wadi Bawanis, kwarin da ke arewa maso gabas da Sabha a kudancin Libiya, ya san kwanson harsashi. Daga Tamanhint, inda sansanin sojan sama yake, har zuwa Samnu da Zighan, ana ganinsa a bakin hanya da gindin dabino. Tun 2011, da gwamnatin Gaddafi ta faɗi aka fasa rumbunan makamai, yankin Fezzan, inda kwarin yake, bai daɗe yana hutawa da ƙarar bindiga ba. 'Yan'uwanmu da suka bi ta Agadas da Dirku suka haura ci-rani, idan aikin gona ko na gini ya ja baya, wasunsu kan koma tsintar ƙarafa. A sana'ar gwangwan kuwa, bayan jan ƙarfe babu abin da ke da kuɗi a kan sikeli kamar tagulla.

Ba banza aka zaɓi tagulla ba. Wadda ake yin kwanso da ita haɗi ce: kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Idan aka ɗana kunama albarushi ya kama, ƙarfin da ke tasowa a cikin kwanson yakan kai nauyin tan 3 a kan wurin da bai fi faɗin farce ba. Tagulla sai ta buɗe ta manne wa bangon bindiga, ta hana wuta dawowa fuskar maharbi, sannan nan take ta ɗan tsuke yadda za a iya zaro ta. Amma ba ta komawa daidai yadda take a da.

Wannan 'yar kumburar ce ta haifar da wata sana'a a Amurka da wasu ƙasashen Turai, inda doka ta yarda mafarauta da masu gasar harbi su sake cika kwanson da suka harba. Sukan tura shi cikin wani mazubin ƙarfe da ke matse shi ya koma girmansa na asali, kuma aikin ba ya yiwuwa sai an shafa wa kwanson mai, kamar wanda aka yi da maiƙon gashin tumaki. Idan babu man, tagullar ta cije a cikin mazubin, a ja gindin ya yage, aiki ya tsaya. Idan ya yi yawa, sai ya taru a kafaɗar kwanson ya lotsa ta. Bayan an gama kuma dole a goge shi tas, domin kwanso mai santsi ba ya kama bangon bindiga, ƙarfin harbin sai ya koma baya. Mutanen nan suna da ma'aunin da ke gane bambancin ƙwayar albarushi kaɗan, da littattafan awo, duk da haka sukan jefar da kwanso bayan 'yan zagaye, saboda tagulla tana ƙara tauri duk lokacin da aka matse ta, har ta tsage a wuya.

Na kawo wannan ne domin a ga irin kiyayewar da masu kayan aiki ke yi wa abin da mu muke durawa a buhu da hannu. A Nijeriya ma, dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko riƙe shi ba tare da izini ba.

Tagulla tana da wani ciwo da ido ba ya gani. Sojojin Ingila a Indiya sun lura harsasansu na tsagewa da kansu a lokacin damina. Sai a 1921 masana suka gano dalilin: ana ajiye su a bargar dawaki, tururin fitsarin dawakin da laima ne ke cin ƙarfen. Tsohon harsashin da ya shekara a garken awaki ko kusa da buhunan taki ba abin amincewa ba ne. Zafin Fezzan, da kan haura digiri 45 da bazara, shi ma yana lalata albarushin da ya daɗe a ajiye.

Kuma ba duk kwanso mai sheƙi ne tagulla ba. Mafi yawan harsasan Kalashnikov da aka ƙera a Tarayyar Sobiyat da Sin baƙin ƙarfe ne aka shafe da fenti ko ruwan jan ƙarfe. Maganaɗisun tsohuwar sifika ya isa ya raba gardama: in ya kama, ƙarfe ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Mutum zai iya sa ransa a haɗari saboda buhun da dillali zai saya a farashin gwangwani.

Babban haɗarin shi ne wanda ba a harba ba. Kwanson da ya gama aikinsa bakinsa a buɗe yake, cikinsa da baƙin hayaƙi, a tsakiyar gindinsa akwai ɗan lotso inda allurar bindiga ta buga. Idan kan harsashin yana nan, da ransa. Idan kan yana nan kuma ga lotso a gindi, wannan an buga shi ne ya ƙi tashi, ba wanda ya san lokacin da zai ga dama. Ƙananan irin na bindigar hannu, in suka faɗa wuta, sukan fashe su watsa ɓarɓashin da ke iya tsiyayar da ido. Manya kuwa, irin masu faɗin milimita 23 na bindigar kakkaɓo jirgi da ake girkawa a bayan motoci, wasunsu kansu ɗauke yake da abin fashewa na daban. Jikinsu ne ya fi jan ido saboda girmansa, shi ya sa ake samun mai kama su da filaya yana murɗa kan, ko ya aza a dutse ya ɗauko guduma.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2013, wani rumbun makamai ya tashi a Brak al-Shati, arewa da Sabha, lokacin da wasu mutane suka kutsa ciki don kwasar harsasai. Sama da mutum 40 suka rasu, kuma rahotanni sun ce akwai baƙi 'yan Afirka ta kudu da Sahara a cikinsu. Irin waɗannan mamatan, sau da yawa iyalansu a gida ba sa ma samun labari. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin neman abin aikawa gida ne ya fitar da su.

Saboda haka abin da ke da kai a kansa, a bar shi inda yake. Kada a ɗaga, kada a jefa a wuta, kada a binne a gonar wani. A jera duwatsu nesa kaɗan don alama, a gaya wa mai gona ko hukumar garin, su nemi masu aikin kwance bama-bamai. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da sashen da ke wannan aiki a Libiya tun 2011. Dillalin da ke sayen tagulla ya zazzage kowane buhu a ƙasa ya duba ɗaya bayan ɗaya kafin ya kai wa mai narkarwa, domin rayayye guda a cikin tukunya ya isa ya watsa narkakken ƙarfe a jikin mutane. Ko wanda aka harba ɗin ma, kada a bar yara su riƙa sa shi a baki suna busawa kamar usur, saboda akwai ragowar dalma a cikinsa.